Zuwa ga iyayen matasa: hali daban, ciwo daban

Assalamu alaikum iyaye da malamai na gida,

Muna gaishe ku daga Ingila, inda muke aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwar matasa. Abin da ya sa muka rubuto shi ne, yaro sai ya daɗe da ciwon damuwa ba a gane ba, ana cewa "ai halinsa ne". Wani kuma lafiyarsa ƙalau, amma an hana shi sakat don ba ya surutu kamar 'yan'uwansa.

Masana sun kasa hali gida biyar: son shiga jama'a, son sabon abu, tsari da kamun kai, sauƙin kai, sai saurin shiga damuwa. Kowa da rabonsa a kowanne. Miskilin yaron da ke da aboki ɗaya ko biyu, yana ci, yana barci, yana karatunsa, ba shi da matsala, a ƙyale shi. Wanda ya kamata a sa wa ido shi ne mai saurin damuwa, wanda ƙaramar magana ke hana shi barci, domin irinsa sun fi kamuwa da ciwon damuwa da fargaba. Gaggawa da rashin lissafi kuwa, yawanci shekaru ne: sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25.

Hali tun yarinta ake ganinsa, ciwo kuwa canji ne. Don haka ku tambayi kanku: yaushe abin ya fara? Ya kai mako biyu, kusan kullum? Ya taɓa karatu, barci, cin abinci ko abota? In amsar e ce, maganar ta wuce hali. Ku lura, damuwar matashi ba lallai ta zo da kuka ba. Sau da yawa da zafin rai take zuwa, ko ciwon kai da ciwon ciki da aka rasa dalilinsu, ko ya watsar da abin da a da yake so. A nan iyaye ke kuskure, su ɗauka rashin kunya ce su ƙara faɗa, yaron ya ƙara rufe bakinsa. Abin ba kaɗan ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa.

Ku fara da barci. Ɗan shekara 13 zuwa 18 na buƙatar awa 8 zuwa 10. Da balaga jiki kan jinkirta jin barci, ga waya a hannu, sai dare ya raba. A fitar da wayar daga ɗakin kwana awa ɗaya kafin kwanciya, a tsayar da lokacin tashi, a samu motsa jiki na minti 60 a rana.

Wajen magana, ku keɓe da shi, ba a gaban ƙannensa ba. Faɗi abin da ka gani: "Na ga kwana biyu ba ka cin abinci sosai, me ke damunka?" Sannan ka yi shiru. Kada a kwatanta shi da ɗan wani. In ya ce ya gaji da rayuwa, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa tunanin. In ya amsa e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna, guba da makami, a kai shi asibiti a ranar.

Likita kan duba ƙarancin jini da sauran ciwon jiki tukuna, don suna kama da damuwa. In ciwon bai yi tsanani ba, da zaman tattaunawa da ƙwararre ake farawa. In an rubuta magani, yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninsa, makonnin farko kuma su ne na sa ido sosai. Kada a daina shi rana ɗaya don an ga sauƙi, sai likita ya rage shi a hankali.

Wassalam,
'Yan'uwanku ma'aikatan lafiya