Tarihin Rayuwata, kashi na 6: Wa zai sauke ɗiya mace a Yamai?

Salamu alaikum 'yan uwa, makon jiya mun tsaya inda na samu bak seri C, wato jarrabawar ƙarshen lise ta ɓangaren lissafi da kimiyya, a Tawa, to ga ci gaba.

Wallahi jarrabawar ba ta wahalshe ni ba kamar samun izinin tafiya. Na ce ma Baba karatun lantarki nike so a Yamai, ya yi shiru ya ce, "Ɗiyata ban hana ki karatu ba, amma wa za ki sauka wurinshi, tafiyar kilomita fiye da 500 kuma ba mu da kowa can?" Goggo kuwa cewa ta yi in yi ungozoma ko malanta kamar sauran 'yan mata, hawan falwaya aikin maza ne. Ban ji haushinta ba, duk rayuwarta ba ta taɓa ganin mace injiniya ba.

Kuma maganar Baba gaskiya ce, ita ce ke cinye mu. Akwai wadda muka yi kwaleji tare, ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba, tun daga BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji, ta tsaya don garinsu ba lise kuma ba mai riƙe ta a Tawa, shekara na zagayowa aka ɗaura mata aure. Har yau in na tuna ta zuciyata na zafi. Ana ta cewa mata ba su son kimiyya, alhali ɗakin kwana da tuwon dare suka rasa.

Kawu ne ya fidda ni, ya samo wata hajiya 'yar Adar a Harobanda, wata unguwar Yamai, da ta yarda ta riƙe ni kamar tata, Allah ya saka mata da aljanna. Ranar tafiya da motar ta biyo Malbaza ya nuna mini wajen tashar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, ya ce ai Abdou Moumouni da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi a kan wannan ilimin ya ƙare rayuwarshi, ɗan ƙasar nan ne kamar ke.

Da na shiga aji mata ba mu cika yatsun hannu guda ba, da ni da wata Bazabarmiya da wata Buzuwa daga Agadas, mu ke haɗuwa da dare muna warware darasi da Hausa in Faransancin ya cije. Abin da ya faru ranar farko da aka miƙa mini pansa, abin kama waya, a atiliye, ɗakin koyon aikin hannu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.