Kan roba da ruwan sukari: yadda nake auna abin da waya ke zuba wa jiki

Aikina a ɗakin gwaji shi ne auna yawan ƙarfin igiyar rediyo da jiki ke sha idan mutum ya kara waya a kunne. SAR ake ce wa ma'aunin, kuma da wat a kan kowane kilo na tsoka ake lissafa shi. Amurka ta tsayar da iyakarta a wat 1.6, ana ɗaukar matsakaicin abin da giram 1 na tsoka ya sha. Turai kuwa wat 2 ce, amma a kan giram 10. Shi ya sa idan wani ya ce mini dokar Turai ta fi sassauci da ɗigo huɗu kacal, nakan ce masa mudun ba ɗaya ba ne.

Ba a yin gwajin a jikin mutum. Wani ƙoƙon roba ne mai siffar kai, ana cika shi da ruwa har zurfin santimita 15, a manna wayar a ƙarƙashinsa daidai kunne, a tilasta mata fitar da iyakar ƙarfinta. Sai wani hannun inji mai sarrafa kansa ya tsoma siririn tsinken awo, yana bin cikin ƙoƙon sannu a hankali har ya gano inda ƙarfin ya fi taruwa.

Baƙo idan ya shigo, hannun nan yake zuba wa ido. Ni kuwa ruwan ne ke hana ni sakat. Dole ya sha igiyar kamar yadda tsokar kai za ta sha, don haka haɗa shi ake yi: idan igiyar ta megahaz 900 ce, tataccen ruwa da sukari mai yawa da ɗan gishiri. Sukarin na rage yadda ruwan ke riƙe lantarki, gishirin na ƙara yadda yake wuce da shi. Lambobin da ake nema su ne 41.5 na riƙe lantarkin da 0.97 na wucewa da shi, kuma kaucewar da aka saba yarda da ita ba ta wuce kashi 5 cikin ɗari. Ka bar ƙoƙon a buɗe ya kwana, ruwa ya ɗan tsane, lambobin sun gusa. Ɗaki ya ɗumama, sun sake gusawa. Kumfa ɗaya tak ta maƙale a bakin na'urar da nake auna ruwan da ita, sai ta ba ni lambar da ba ta da alaƙa da abin da ke cikin ƙoƙon. Saboda haka kafin in taɓa wata waya, sai na daidaita na'urar da iska, da ƙarfe, da tataccen ruwa, sannan in gwada tsarin gaba ɗaya da eriyar da aka riga aka san abin da take bayarwa.

Me ya hana a tsoma ma'aunin zafi kawai, tunda ƙarfin da ruwa ya sha zafi yake zama? Ga abu mai ƙarfi, hakan na aiki. Kilo ɗaya na ruwa na buƙatar jul 4,186 kafin zafinsa ya hau digiri ɗaya, don haka lita ɗaya da ta hau digiri 10 cikin minti guda a na'urar maikirowef ta ɗumama abinci ta sha kusan wat 700. Amma wat 2 a kan kilo, ko da an yi minti cur, bai fi digiri 0.03 zai ɗaga ruwa ba, kuma kafin ka karanta zafin ya bazu.

Tazara ma ba abin wasa ba ce. Milimita kaɗan tsakanin waya da ƙoƙo na sauya sakamako sosai. A watan Satumban 2023 hukumar kula da mitocin rediyo ta Faransa ta dakatar da sayar da iPhone 12 bayan ta auna wat 5.74 a gwajin hannu da aljihu, inda wayar ke manne da jiki kuma iyaka wat 4 ce. Kamfanin Apple ya sabunta manhajar wayar, aka ɗage dakatarwar. Tun daga nan, duk rahoton da ya zo gabana, layin tazara da na yanayin ruwa nake fara dubawa kafin in kalli lambar SAR ɗin.