Gilashin bayan Golf ɗina ya tarwatse, ga yadda aka sa wani

Duk shekara da zarar an yi ruwan farko a Kaduna, wannan da yake zuwa da iska da ƙura kafin ya sauka, to ka zuba ido a kan Ahmadu Bello Way ko hanyar Kawo, za ka ga ƙananan motoci an liƙe musu baya da leda da salatif, wani ma kwali ne ya cusa. Bana ni ma abin ya zo kaina, reshen mangwaro ne ya ɓalle cikin dare ya sauka a bayan Golf 4 ɗina, ƙarfen bai ko lotsa ba amma gilashin kam babu abin da ya rage sai ɗan abin da ya maƙale a gefe. Alhamdulillahi babu kowa a ciki. To shi ne na ce bari in rubuta abin da na gani a wajen gyaran, saboda yawancinmu hankalinmu na kan kuɗin gilashin ne kawai, nawa ne, na Beljiyam ne ko sabo, alhali wallahi inda ake cutuwa a wajen sawa ne.

Da farko dai maganar ledar nan. Don Allah duk wanda abin ya same shi kar ya ɗauki sati yana yawo da ita. Motocin nan masu ƙofar but a baya irin su Golf, Peugeot 206 da 307, Matrix, Vibe, Jazz, bayansu a tsaye yake, in kana gudu iskar da ta zo bayan motar juyowa take yi ta koma ciki, kuma salansa nan ƙasa take daidai wurin. Ma'ana hayaƙin motarka ne yake dawo maka, kuma ɓangaren da ya fi illa a cikinsa ba shi da wari ba shi da launi, sai dai ka ji kai na sara maka ko barci na ɗaukarka, kuma yaran da kake kaiwa makaranta su ne a kujerar baya, su suka fi kusa. In dole ne ka motsa motar zuwa gareji ka sauke gilasan gaba iska ta riƙa wucewa. Ba a ma maganar ruwa da zai jiƙa kafet ya taru a ramin safaya, da ɓarayi da ka buɗe wa ƙofa.

Wani maƙwabcina da ya ga ɓarnar cewa ya yi ai da tsagewa ya yi kawai da sai a lallaɓa. Na ce masa na baya ba ya tsagewa ai. Gilashin gaba fale biyu ne da wata roba a tsakiya, shi ya sa dutse zai buge shi ya yi zane amma ya tsaya, ka yi shekara kana tuƙi da shi. Na baya da na ƙofofi kuwa fale ɗaya ne da aka gasa a wuta sama da digiri 600 sannan aka hura masa iska ya huce farat ɗaya, wannan ne yake sa ya yi ƙarfi sosai ta fuskarsa, amma ranar da ya fashe gaba ɗaya yake tafiya, ya zama ƙanana ƙanana kamar tsakin masara, kuma da gangan aka yi shi haka don kar ya zama wuƙa ya yanka mutum. Gefensa ne rauninsa, ɗan bugu kaɗan a baki ya isa. Kuma tunda an riga an gasa shi ba ya yankuwa ba ya hudawa, don haka duk wanda ya ce maka kawo na wata mota zai rage maka shi ya shiga, ko dai bai san aikin ba ko kuma gilashin taga zai yanko maka, wanda in ya fashe a bayan yaranka Allah kaɗai ya san abin da zai faru.

Na zagaya kasuwannin Oriapata da Panteka ina tambaya. Abu uku ne a gabanka. Akwai sabo fil, yawanci na kamfanonin Chana ne irin su Fuyao da XYG, akwai na Beljiyam wanda aka yanko daga jikin wata ƙofar, sai kuma ka sayi ƙofar but ɗin sukutum da gilashinta a jiki a kwance taka a ɗaura wannan. Na ukun nan ya fi wa wanda ƙofarsa ta lotsa ko tsatsa ta ci ta, don gam ɗin kamfani ne a jiki ba wanda ya taɓa shi, sai dai kuma ga kuɗin fenti in launi bai zo ɗaya ba. Ni tawa lafiya lau take, sai na tsaya a kan na Beljiyam. In ba su da shi a ƙasa za su ce maka a ba su kwana biyu a sako daga Ladipo a Legas, wannan ba matsala ba ne, amma ka tsayar da magana tun farko in ya fashe a hanya asarar wa ce.

Kafin ka biya ka sa a fito da shi rana, a goge ƙurar. Ka bi gefensa da yatsa a hankali ko akwai inda ya ɓantare, don waɗanda suke yanko shi daga ƙofa ba kowa ke da hannu mai kyau ba. A kusurwa akwai ɗan rubutu, sunan kamfani ne kamar Sekurit ko Pilkington ko AGC, da harafin E a cikin da'ira da lamba, E1 Jamus ce ta amince da shi, E2 Faransa, in motar Amurka ce za ka ga DOT da AS2. In babu rubutun nan kwata-kwata ka ajiye musu kayansu. Sai waɗannan jajayen layukan da ke kwance a jiki, su ne hita, ka duba ba a kankare su ba sannan ƙananan ƙarafuna biyu na gefe da ake soka waya suna nan daram. Wasu motocin ma eriyar rediyo a jikin gilashin take. Ka duba wurin waifa, wata motar sandar ta cikin gilashin take fitowa wata kuma ta jikin ƙarfe, kuma na wagon daban yake da na gajeriyar mota ko da sunansu ɗaya shekararsu ɗaya. Masu Matrix da Vibe na farko, 2003 zuwa 2008, naku gilashin buɗewa yake shi kaɗai, yana da hinji da makulli da nasa shoka, labarinsa daban ne kuma kuɗinsa ma daban.

Akwai wani abu da ya sa na ƙi guda ɗaya duk da ya fi sauƙin kuɗi, da na karkata shi a rana sai na ga an zana lambar wata mota a ƙasansa, irin zanen da muke yi a madubi da gilasai saboda ɓarayi. Mai shagon ya ce "Oga ai na motar da ta yi hatsari ne, 'yan gwangwan suka kawo." Zai iya zama gaskiya ya faɗa, amma ni ba zan ɗauki lambar wani in riƙa yawo da ita a bayana ba, ranar da aka tsayar da ni a shinge me zan ce, kuma in dai muna sayen irin waɗannan to masu kwance wa mutane kaya cikin dare ba za su daina ba.

Wanda ya sa min wani dattijo ne da abokina ya haɗa ni da shi, ya ce tun zamanin 504 yake wannan sana'a, lokacin da kamfanin Peugeot na Kakuri ke kan ganiyarsa. A da roba ce ake zagaya wa gilashi a sa igiya a ciki, ɗaya yana dannawa ta waje ɗaya yana jan igiyar ta ciki har leɓen robar ya hau ƙarfe, shi ke nan ka tafi. Motocin yanzu kuwa liƙawa ake yi, kuma a nan ne ake gane gwani.

Na ce masa "Baba, yau zan samu motar? Ina da ɗaurin aure da yamma."

Ya ce "Ɗana, in sauri kake ga yara can za su sa maka a minti ashirin. Ni sai ka bar min ita ta kwana."

Na bar masa, amma na ja benci na zauna ina kallo. Abin da ya fara yi shi ne ɓalle robar cikin ƙofar, a hankali da wani faffaɗan ƙarfe don kar kilif ya karye, ya zare wayoyin hita, ya kwance waifa. Sannan shi da yaronsa suka zauna kwashe tsakin gilashin, cikin ƙofar kanta cike take da shi, ya ce in ka bar shi a nan zai toshe ramukan da ruwa ke fita ta ƙasa kuma ya shiga makulli, ga ƙara duk lokacin da ka ɗaga but. Har ƙarƙashin kujera da inda ake soka bel sai da suka bi.

Sai ya ɗauko wuƙa ya fara fere tsohon gam ɗin da ke zagaye da bakin ƙofar. Ni na ɗauka kankare shi zai yi tas har ƙarfe ya fito, sai na ga ya bar ɗan siriri baƙi, kaurin bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, ya ce sabon gam ya fi kama ɗan'uwansa a kan ya kama fenti. A kusurwar hagu ta ƙasa ya tsaya ya kira ni, ya nuna min da bakin wuƙar, wani wuri ne ɗan ƙarami fentin ya kumbura, da ya taɓa sai ja ya fito. Tsatsa. Ya goge ta da sanfefa har ƙarfen ya yi fari, ya ɗauko wata 'yar kwalba mai baƙin ruwa da suke cewa firaima ya shafa da auduga a wurin da duk inda wuƙa ta karci fenti, ya shafa a gefen gilashin ma inda baƙin zanen nan yake, sannan ya koma ya zauna yana jira ya bushe. Baƙin zanen nan da ke zagaye da gilashin mota da ake liƙawa ashe ba ado ba ne, shi ke kare gam ɗin daga rana don kar ta cinye shi.

To ga inda nake so kowa ya buɗe ido. Gam ɗin gilashin mota sunansa foliyuretan, baƙi ne mai kauri, a bututu yake zuwa ana matsa shi da bindigar gam. Da yawa a garin nan silikon suke sawa, wanda ake liƙe tagar almini da bahon wanka, saboda ya fi araha kuma shi ma akwai baƙinsa, in ba ka sani ba ba za ka bambance ba. Silikon ba shi da ƙarfin riƙe gilashi a ƙofar da kullum ake ɗagawa ana bugawa ana faɗawa rami da ita, wani irinsa ma mai warin tsami tsatsa yake jawowa, kuma duk inda ya taɓa, gam na gaskiya ba zai sake kamawa ba sai an sha wahalar wanke shi. Ka ce a nuna maka bututun kafin a fasa shi, ka karanta, ka duba ranar da zai lalace, in ma da hali kai ka sayo da hannunka. Wannan ba rashin yarda ba ne, mai aikin kirki ma daɗi zai ji.

Baba ya yanka bakin bututun ya yi masa tsaga, ya ja gam ɗin a tsaye mai tsini, zagaye ɗaya bai ɗaga hannu ba sai da ya dawo inda ya fara, ya haɗe bakin a ƙasa. Tun kafin nan sun riga sun gwada gilashin a bushe sun sa alama da salatif, don haka da suka ɗauka su biyu sau ɗaya suka ajiye shi, ba ja ba turawa, ya bi da tafin hannu yana dannawa kaɗan kaɗan, ya kama shi da salatif ta sama don kar ya zame. Gam ɗin nan da danshin iska yake bushewa, shi ya sa a damina yake saurin kamawa, in kuwa lokacin hunturu ne da iska ta bushe ƙayau ga sanyi to sai ka ƙara masa lokaci. Ya ce kwana biyu kar in kai ta wanki, in bar gilashin ƙofa ɗaya a ɗan sauke saboda in an buga ƙofa iska kar ta tura shi, in kuma bi hanya mai rami a hankali.

Washegari kafin in ba shi cikon kuɗinsa shi da kansa ya ce in shiga baya in zauna, yaron ya riƙa zuba ruwa a hankali ta sama, na bi gefe gefe da hankici, ko ɗigo babu. Muka kunna hita ya hura bakinsa a jikin gilashin ta ciki muka ga tururin yana bajewa layi bayan layi. Mutane na cewa me za ka yi da hita a ƙasar zafi, amma duk wanda ya taɓa fitowa da asuba a watan Agusta ana yayyafi da mutum huɗu a mota ya san baya rufewa yake ruf. Layukan nan a kan fuskar gilashin suke ta ciki, reza ko soson ƙarfe yana yanke su, masu cire tsohon tintet su suka fi kashe su, in za ka goge ka bi su a kwance da tsumma mai laushi.

Maganar tintet kuwa, in na Beljiyam ɗin da ka samu ya zo da duhu ka tuna dokar gilashi mai duhu tana nan tun 1991 kuma 'yan sanda ne ke ba da izini, gara ka nemi fari in ba ka da takarda. Inshorar nan ta naira 15,000 da yawancinmu ke yi kuma ba ta biyan ɓarnar motarka, ta wanda ka buga ce kawai, daga aljihunka za ka gyara.

Abu na ƙarshe da Baba ya nuna min shi ne shoka biyun da ke riƙe ƙofar in an ɗaga, nawa sun fara saki, ƙofar tana saukowa da nauyinta ta buga. Ya ce yawancin gilasan baya da yake canzawa ba dutse ne ya fasa su ba, ko shoka ce ta mutu ana tokarewa da sanda, ko kuma an cusa janareta ko buhu mai tsini a but an danna ƙofa da ƙarfi. A ranar na koma Oriapata na sayo guda biyu ya canza min su tare.