Ɗakin Ƙasa Ba Azara a Bayan Garin Tahoua

Da na sayi fili a bayan garin Tahoua, niyyata bulo da kwano ce kamar kowa. Abin da ya sauya mini ra'ayi zafin Afrilu ne, lokacin da ma'auni ke haura 40 kuma ɗakin kwano ke korar mutum waje har tsakar dare. Sai na koma ga ƙasa. Amma rufin gargajiya yana cin azara, giginya kuwa ta yi mana nisa, sai an ɗauko daga wajajen Gaya da tsada, gara kuma na jiranta. Don haka na zaɓi ginin da ba katako, wanda ƙungiyar Development Workshop ta fara gwadawa a Nijar a ƙauyen Cikal wajen 1980, da dabarar magina Nubiya na kudancin Masar.

Ƴan uwa sun ɗauka talauci ne ya kama ni. Na kan ce musu su je Yama, nan cikin jiharmu, su ga masallacin da Falke Barmu ya soma a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, ko su leƙa Dandaji su ga na 2018. Duk ƙasa ne.

Aikin farko zaɓen ƙasa. Maginin da na ɗauka, dattijo ne da ya koyi wannan gini tun yana saurayi, ya sa aka buga tubali kaɗan daga ramuka daban-daban aka shanya. Wanda ya tsattsage, laka ta yi masa yawa, sai a ƙara rairayi. Wanda ya marmashe a hannu, rairayi ya rinjaya. Bayan damina muka buga tubalin, lokacin da tabki ke da ruwa, don sayen ruwa a baro ya isa ya cinye ribar ginin gaba ɗaya.

Rufin ne abin kallo. Ba a kafa masa komai a ƙasa. Ana jera ƙananan tubali a karkace, sahu na farko ya jingina da bangon ƙarshe, na biyu ya kwanta kan na farko, haka har rufin, mai lanƙwasa kamar baka, ya rufe. Nauyinsa yana tura bangon gefe waje, shi ya sa bangon ke da kauri sosai. Na tambaye shi: "Baba, wannan ba zai faɗo mana ba?" Bai amsa ba, sai da ya bushe ya hau ya taka daga wannan kai zuwa wancan, ya ce: "Ɗana, sama ba ta kashe ginin ƙasa, gindi za ka tsare."

Na ga gaskiyar maganarsa a daminar 2024, shekarar da tsohon masallacin Damagaram ya rushe. A unguwarmu, gidajen da suka faɗi yawancinsu ruwa ne ya kwanta a gindin bangonsu. Namu an kafa shi kan tudu, tushen da dutsen Adar, an yi daɓe mai gangare kewaye da shi, indararo kuma dogaye ne, suna zubar da ruwa nesa da bango.

Wani ya ba ni shawarar in shafe waje da siminti in huta. Ban yi ba. Siminti ba ya kama laka da kyau, yana tsagewa, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, bango yana ruɓewa ba ka sani ba. Yaɓen ƙasa muke yi, ana sabunta shi kafin ruwan fari, a toshe kowace tsaga a soro, a share indararo. A da, gayya ake kira don wannan aiki. Yanzu samarin unguwa rabi suna Abijan ko Libiya, sai na biya leburori, kuma kowace shekara samunsu a watan Mayu ƙara wuya yake yi.