Barkwancin siyasa: wa ake saitawa, kuma yaya ake haɗa shi

Aikina shi ne rubuta gajerun wasannin barkwanci na siyasa, irin na minti ɗaya zuwa minti ɗaya da rabi da ake sakawa a TikTok da Facebook. Ina yin sa ne daga tsagin talakawa, layin da jam'iyyar NEPU ta shata tun 1950, jam'iyyar PRP ta ɗora a kai a 1978. Malam Aminu Kano da kansa ya yi amfani da wasan kwaikwayo wajen fallasa zaluncin 'yan N.A., wato hukumar sarakuna ta zamanin Turawa, don haka ba baƙon makami ba ne. Doka ta farko da nake bi ita ce a dubi wanda dariyar za ta faɗo wa. In ta faɗo wa mai riƙe da kujera da kasafin kuɗi, aiki ya yi. In ta faɗo wa almajiri, ko bazawara, ko ɗan gudun hijira, ko baƙauye, to na taya masu mulki aikinsu ne kyauta, ko da mutum miliyan sun kalla.

Kowane wasa da magana tabbatacciya nake fara shi, wadda ke da rana da adadi, kuma na same ta a wurare biyu da ba su kwafi juna ba. Ina ajiye hoton shafin jaridar ko na takardar kasafin a waya. Daga nan sai lissafi, domin yawanci a cikin lissafin dariyar take ɓoye. A ƙarshen 2023 an yi ta cece-kuce kan manyan motocin da aka saya wa 'yan majalisar tarayya 469, waɗanda rahotanni suka ce kowace ta kai kusan naira miliyan 160. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, kuma tun 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur. Raba miliyan 160 da dubu 30, za ka samu wata 5,333, wato shekara 444.

Wannan adadin shi ne wasan gaba ɗaya. Masinjan ofis ya shiga wurin dillalin motoci, ya nuna irin motar, ya ce zai riƙa biya kaɗan-kaɗan daga albashinsa. Dillali bai yi dariya ba, bai kore shi ba. Ya jawo kalkuleta, ya danna, ya gyara zama, ya ce cikin ladabi, "Ba matsala Malam, sai dai za ka zo da tattaɓa-kunnenka ya sa hannu, shi ma ya zo da nasa." Masinja ya tambaya, "To cin abinci fa?" Dillali ya ce, "Ai ban sa shi a lissafi ba." A nan ake yankewa. Ba a ambaci sunan kowa ba, ba a zagi uwar kowa ba, kuma babu lauyan da zai ce ƙarya aka yi. Abin lura shi ne masinjan ba wawa ba ne. Tambayarsa ce mai hankali, tsarin ne mahaukaci. Da an sa shi yana karkata hula yana kwaɓa Turanci, da dariyar ta koma kansa, 'yan majalisa sun sha da ƙafar baya.

Rubutun ba ya wuce shafi ɗaya, 'yan wasa biyu ko uku. Daƙiƙa uku na farko dole su nuna inda ake da abin da ake nema, in ba haka ba ɗan yatsa ya wuce. Kalmar da ke ɗauke da dariya ita ake ajiyewa a ƙarshen jimla, kuma ɗan wasa ya yi shiru na daƙiƙa biyu bayanta. Waya ta wadatar wajen ɗauka, amma a sayi ƙaramin makirfon na maƙalawa a riga, don mutane na haƙuri da hoto mai duhu, ba sa haƙuri da murya mai ƙara. Labarin yau kuwa kamar ƙosai yake, in ya kwana biyu ya huce, shi ya sa nake rubutawa da dare a ɗauka da safe.

Abin da ya fi ɓata wasa shi ne yanka. Wani zai ciro daƙiƙa goma daga tsakiya, ya watsa a WhatsApp da nasa bayanin. Saboda haka ranar da adadin suna zaune a ƙasan hoto daga farko har ƙarshe, kuma duk jimlar da in an ciro ta ita kaɗai za ta zama cin mutuncin wata ƙabila ko wani addini, cire ta nake yi tun a takarda.

Sai maganar ɓacin rai. Ɓata wa gwamna rai ba laifi ba ne a wurina, shi ne amfanin sana'ar. Amma akwai bambanci tsakanin zambo a kan aikin da mutum ya yi a bainar jama'a da ƙazafi. Sashe na 391 da na 392 na kundin dokokin hukunta laifuka, wato Penal Code, suna nan kan ɓata suna, ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama masu suka da shi kafin gyaran 2024. A Nuwamba 2022 kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin, da tarar naira 10,000, da sharar harabar kotu ta kwana 30, kan bidiyon da suka yi game da gwamnan Kano na lokacin, Ganduje. Hukuncin zalunci ne a ganina, amma akwai darasin aiki a ciki: kalma irin "ɓarawo" a kan mutum mai suna ita ake kamawa. Ka nuna kwangilar, ka nuna ramin da ke kan titin, mai kallo zai faɗi kalmar da bakinsa. Marigayi Rabilu Musa Ibro ma da aka ɗaure a 2008, cikin tuhumar har da batun rajistar kamfani. Mai sukar gwamnati a Kano ya tabbata takardunsa na hukumar tace fina-finai sun cika, don ta nan ake fara shigowa.

Akwai abin da ba na taɓawa ko kaɗan: gawa, da wanda aka sace, da nakasar mutum, ko da shi ne azzalumin. In ɗan siyasa mai in'ina ne, ka kwaikwayi in'inarsa, duk mai in'ina a unguwarku ka mara. Lokacin da aka gurfanar da yara ƙanana a kotun Abuja a Nuwamba 2024 kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta, wasu har suna zubewa, babu abin dariya a jikin yaran nan. Abin saitawa shi ne manyan da suka tsaya suna kare tuhumar cin amanar ƙasa a kan yara masu jin yunwa.

Kafin a saki wasa, mutum uku ke kallonsa: lauya, da wani daga cikin mutanen da wasan ya shafa, da wanda ba ya ra'ayina a siyasa. Na biyun shi ne mai yanke hukunci. In wasan kan 'yan adaidaita ne, kuma ɗan adaidaita ya kalla fuskarsa ba ta saki ba, an ajiye shi.

Da zaɓe ya ƙarato kuma masu jaka za su zo, su ce ka yi wa abokin hamayyarsu wasa guda uku, ga kuɗin data. Wanda ya karɓa ya shiga sahun sojojin baka, kuma masu kallo suna ganewa cikin mako guda, don za su ga jam'iyya ɗaya ce ke shan duka kullum. Ina auna kaina da tambaya ɗaya a ƙarshen kowane wata: gwamnatin da na zaɓa da hannuna, wasa nawa na yi a kanta? In amsar babu ce, rubutun da ke gabana nata ne.