Ƙaurin birki a gangaren dutse

Tun da sassafe muka kama hanya, ni da Kawu, tafiyar da ba ta gaza awa bakwai ba. Ni ne a kan sitiyari. Kawu ya shafe fiye da shekara talatin yana gyaran mota kafin idonsa ya yi rauni ya ajiye sifana, amma har gobe ba ya shiga mota sai da ƙaramin akwatin kayan aikinsa. Hankalina kwance yake, domin wata guda ke nan da aka sa wa motar sababbin takalman birki na gaba.

Awa ukun farko titi ne miƙaƙƙe, ba abin da ya faru sai ɗan jan da motar ke yi zuwa dama, wanda na ɗauka ƙarancin iska ne a taya. Muka hau dutse lafiya. A gangarowa ne, wajen kwana ta huɗu, wani ƙauri mai kama maƙoshi ya cika motar.

"Nemi wuri ka sauka gefe, ɗana," in ji Kawu. "Rage giya, inji ya riƙe ta. Kada ka danne birkin."

Da muka tsaya ya tokare tayar baya da dutse, sannan ya bi ƙafafun motar ɗaya bayan ɗaya yana kara bayan hannunsa kusa da su ba tare da ya taɓa ba. Uku ɗumi kawai suke. Ta gaba ta dama kuwa huci take kamar bakin murhu, faifan birkin har ya yi shuɗi-shuɗi. Na ɗauko gorar ruwa zan watsa, ya riƙe mini hannu.

"Kul! Ƙarfe mai wannan zafi in ka sheƙa masa ruwa yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Bar shi ya huce da kansa."

Kusan minti arba'in muka yi zaune a kan wani falalen dutse, manyan motoci na wucewa ta gabanmu suna gurnani da ƙaramar giya. A nan ya yi mini bayanin da ban taɓa ji daga bakin wani bakanike ba. Kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da faifan birki yana riƙe da takalman, a yawancin ƙananan motoci fistin ɗinta a gefe ɗaya yake, ta ciki. In ka taka birki, mai ya tura fistin, fistin ya manna takalmin ciki a jikin faifai, ita kuma kalifar gaba ɗaya ta zame a kan fil guda biyu ta jawo takalmin waje. Ka saki birki, dole ta sake zamewa ta saki faifan. Duk wannan kai da komowa bai kai milimita guda ba, amma idan fil ɗaya ya cije, takalmi ya kan ci gaba da gugar faifai kana ta tafiya ba ka sani ba.

"To Kawu, me zai faru da mun ci gaba?"

Ya ce zafin yana bin fistin har ya isa ga man birki. Sabon mai, irin wanda ake kira DOT 4, ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Celsius, amma mai ne da ke shan danshin iska, kuma in ya sha, a digiri 155 ma yana iya tafasa. Na DOT 3 kuwa daga 205 yake faɗowa zuwa 140. Da zarar ya tafasa tururi ya shiga layin, sai ka taka birki ƙafarka ta tafi har ƙasa babu abin da ya kama. Na dubi sauran kwanonin da ke jiranmu a ƙasa, jikina ya yi sanyi.

Da ƙafar ta huce muka ɗaga motar da jak, muka tura tayar da muka cire ƙarƙashinta saboda tsaro. Kawu ya kwance kalifar ya rataye ta da waya, ya ce ba a barinta tana reto a jikin tiyon mai. Fil ɗin sama ya zaro da yatsa biyu, sumul, da sauran maiƙo a jikinsa. Na ƙasa ya ƙi motsi. Sai da ya kama kansa da filaya yana murɗawa hagu da dama, yana ɗan bubbugawa, kafin ya fito da ƙara. Ya miƙo mini shi a tafin hannu. Tsawonsa bai wuce yatsa ba, rabinsa ja da tsatsa, sauran kuma wani baƙin giris ya daskare a kai kamar kwalta. 'Yar robar da ke rufe bakinsa ta kumbura ta yage, ta nan ruwa da ƙura suka samu hanya. Takalmin da aka sa wata guda da ya wuce ya cinye a karkace, gefe ɗaya da kauri, ɗayan ya kusa kai wa ƙarfe.

Wannan ne ya ɓata mini rai. Wanda ya canza mini takalman bai zaro fil ɗin ya duba ba, aikin da ba zai ci masa minti goma ba. Wanda ya riga shi kuma giris ɗin gama-gari ya shafa, irin na man fetur, wanda ke kumbura robar birki, zafi kuma ya busar da shi. Giris ɗin silikon ake sa wa wurin, ko wani da aka yi musamman domin kalifa.

Kawu ya goge tsatsar da sanfefa mai laushi, ya naɗa tsumma a sukundireba ya share ramin har tsumman ya daina fitowa da baƙi. Ya matso giris ɗin silikon daga akwatinsa ya shafa siriri. Ya ce in an cika ramin, iska takan maƙale a ciki ta hana fil ɗin shiga. Ya sa ni na tura kalifar da hannu, na ji tana zamewa ba gardama. Kafin mu motsa ya ce in taka birki sau da yawa har ya yi tauri, domin fistin ya koma mazauninsa.

Da giya ta biyu muka ƙarasa gangaren. A gari na gaba muka sayi sabon fil da robobinsa da takalma, aka canza na ƙafafun gaba biyu tare, aka zuba sabon mai tunda tsohon ya haura shekara biyu. Kawu ya tsaya a kan yaron garejin har ya buɗe ta hagu, muka tarar fil ɗinta sun bushe amma ba su kai ga cijewa ba.

Dare ya yi kafin mu isa. Ina kashe mota na zagaya da fitilar waya na kara bayan hannuna a ƙafar dama, sannan ta hagu. Ɗuminsu ɗaya.