Wata takwas ban ci nama ba

Yau wata takwas ke nan da na bar nama, nono da ƙwai. Da na je Tawa sallar layya, Inna ta ajiye mini soyayyen naman rago, na ce na gode. Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, don ke kaɗai kin bar ci, an fasa yanka a kasuwa ne?"

Tambayar nan ta hana ni barci. Gaskiya ta faɗa, ko rago ɗaya bai tsira saboda ni ba. Abin da ya ja ni tun farko rahoton FAO ne, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2013, da ya ce kiwo na fitar da kashi 14.5 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya wadda ayyukan ɗan Adam ke fitarwa, mafi yawa daga shanu. Amma wane kiwo? Bafulatanin da ke kora garkensa wajen Abalak, inda ruwan sama ba ya isar noma, ba ɗaya yake da masu sare dajin Amazon na Kudancin Amirka don kiwon shanu ba. Nono da cuku ne abincin yaransa. Ba ni da bakin ce masa ya bari.

Inda na ga canji shi ne gidanmu na Yamai. Sau uku a mako wake ake dafawa ko dambun zogale, kuɗin cefane ya ragu, ƙanena da ya fi kowa yi mini tsiya shi ke neman awara yanzu. Nono kam ina marmarinsa, musamman in an dama fura da rana tsaka.